Mutanen Kwali da Tsarin Dandalin Wasa a Yola da Jimeta

A ƙasashen da wasan dandamali ya kafu, ba a sa kafinta aiki sai mai tsara dandali ya gina wurin duka a cikin ƙaramin akwati. A Ingila an saba da ma'aunin 1 bisa 25: ƙofa mai tsawon mita 2 takan dawo santimita 8, dandali mai faɗin mita 8 ya dawo santimita 32, mutum kuma bai cika santimita 7 ba. Wannan ɗan mutumin na kwali shi ne ginshiƙin aikin, domin da shi ake gane ko bango ya yi tsawo, ko ƙofa ta yi ƙunci. Mai tsara dandali Edward Gordon Craig ya sassaƙa irinsu da katako, da su kuma ya riƙa nuna wa darakta Stanislavski tsayuwar 'yan wasa a shirin Hamlet da aka nuna a Mosko a 1912. A ganina masu wasa a Yola da Jimeta sun fi Turawan bukatar wannan dabara.

Dalili kuwa shi ne wasanmu wasan mazauni ne. Inda mutum ya zauna, da yadda ya zauna, su ke faɗin matsayinsa tun kafin ya buɗe baki. Baƙo iyakarsa zaure, tsakar gida na mata ne, suruki ba ya haɗa tabarma da surukinsa. Duk wanda ya san gaisuwar fada a cikin garin Yola, wanda Modibbo Adama ya kafa a 1841, ya san takalmi na da inda ake cire shi, durƙuso na da nasa wurin. A Jimeta kuwa 'yan kallo gauraye suke, Bafulatani da Bachama da Kilba da Margi da Bahaushe a benci guda, kuma ba kowa ne ke kama kowane habaici na Hausa ba. Abin da kunne ya rasa, ido ne zai cike. Amma sau da yawa a wasannin makarantu labule ne da kujeru uku a jere, sarki da bafade da mai ƙara duk suna fuskantar jama'a, kamar masu jiran mai hoto.

A nan ne ƙaramin mutum ke da amfani, muddin an yi shi da siffarmu. Waɗanda ake sayarwa a Turai galibi a tsaye suke, da kwat da wando. Namu dole a yi mai babbar riga, domin riga tana cin wurin mutum biyu idan an buɗe hannu, a yi mai rawani don a gwada shi da bakin ƙofar zaure, a yi mace da goyo, a yi na durƙushe. Wanda ya fi muhimmanci shi ne na zaune a tabarma. Tsayinsa bai kai santimita 4 ba a akwatin, kuma da zarar mai tsarawa ya sunkuyo ya daidaita idonsa da layin baya na 'yan kallo, zai ga malamin da wasan ya dogara a kansa ya ɓace bayan kawunan 'yan gaba. Sai a ɗaga wurin zamansa da ɗan dakali tun ba a sayi katako ba. Kwali, waya mai laushi, ƙyallen tela da gam sun wadatar, kuma hannun da zai yi aikin muna da shi, tunda yaranmu sun daɗe suna ƙera motar kara da 'yar tsana.

Za a ce ai ba mu da zaurukan wasa, a fili ake yi. Wannan ma ƙara mana bukatar akwatin yake yi, domin inda 'yan kallo suka yi da'ira, kowace tsayuwa tana juya wa wani baya. Gidan wasan Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, wanda Steven Ehrlich ya tsara a shekarun 1970 da ginin ƙasa da fasalin gidan Bahaushe, ya nuna fili ma tsara shi ake yi. Za a kuma kawo batun addini game da mutum-mutumi, kuma damuwa ce da ta cancanci girmamawa. Amsarta tana cikin aikin kansa: ba a bukatar fuska, ba ido ba hanci. Tsayi da faɗi kawai ake nema, kuma kayan awo ne da ake yarwa bayan wasa. Masu cewa kwamfuta ta maye gurbin wannan suna da gaskiya ta wani ɓangare, sai dai hoto a allo mutum ɗaya ke juya shi, akwati kuwa darakta da kafinta da 'yan wasa kan zagaye shi, kowa ya sa hannu ya matsar da nasa mutumin, ko da wuta ko babu.

Malaman Hausa da na zane a makarantun Adamawa, da masu shirya wasan talabijin, ku sa ɗalibai su gina zaure ɗaya a kwali da mutanensa kafin a fara atisaye na gaba.