Faifan Zaɓaɓɓun Waƙoƙi da Surar Mawaƙi: Nazarin "Legend" na Bob Marley

Al'adar kamfanonin faya-fayai ce su tsinto fitattun waƙoƙin mawaƙi su tara su a faifai guda. Zaɓe kuwa hukunci ne, domin wanda ya ɗauki wani abu ya bar wani. Faifan "Legend", wanda kamfanin Island ya fitar a 1984, shekara uku bayan rasuwar Bob Marley, mawaƙin Jamaika, misali ne da ya cancanci nazari.

Bugun farko ya ƙunshi waƙoƙi 14, kuma babu faifan rege da aka saya a duniya kamarsa. Amma idan aka duba jerin, za a tarar waƙoƙin soyayya da na sanyaya zuciya, irin su "Is This Love" da "Three Little Birds", sun sami babban rabo. Gaskiya ne an saka "Get Up, Stand Up" da "Redemption Song", to amma ko waƙa ɗaya ba a ɗauko daga faifan "Survival" na 1979 ba, inda "Zimbabwe" da "Africa Unite" suke, alhali kuwa Marley ya yi wasa a bikin 'yancin Zimbabuwe a 1980. Ta haka aka dakushe kaifin siyasarsa a kunnen miliyoyin da wannan faifai kaɗai suka sani.

Ke nan ya wajaba ga mai nazarin waƙa, ta Marley ce ko ta Shata, ya binciki wanda ya yi zaɓen da waɗanda aka yi dominsu, kafin ya yanke hukunci a kan jigogin mawaƙi.