Final Fantasy Tactics: yaƙin da ake ci da jira

Masu sukar Final Fantasy Tactics ba sa gajiya da ƙorafi guda, wai wasan ya cika nawa, sai ka zauna kana jiran matsafinka ya gama haɗa tsafi har abokin gaba ya bar wurin. Wannan maganar waɗanda suka saba da wasan harbe-harbe ce, ba ta cancanci doguwar amsa ba.

Kamfanin Square na Japan ne ya fitar da wasan a 1997 a kan PlayStation, ƙarƙashin Yasumi Matsuno, wanda ya riga ya yi Tactics Ogre a 1995. Daga can ya taho da fili mai gida-gida kamar na dara, ga tudu ga kwari. Amma ba filin ne ya ɗaukaka wasan ba, yadda ya sarrafa lokaci ne.

Kowane mayaƙi yana da ma'auni da ke cika gwargwadon saurinsa, idan ya kai 100 sai a ba shi dama. Ya matsa kuma ya kai hari, a zare masa 100 cif. Ya yi ɗaya kawai, 80. Ya tsaya cak bai yi komai ba, 60, don haka damarsa za ta dawo da wuri. Ke nan zama wuri ɗaya ma dabara ce. Tsafi shi ma yana da nasa jiran, kuma kana iya ɗora shi a kan gida ko a kan mutum. In a kan mutum ne, zai bi shi duk inda ya je, har wanda ka nufa da wuta ya iya rugowa cikin mutanenka ta cinye su tare. Mayaƙin da ya faɗi kuwa, ƙidaya ce ke farawa a kansa daga 3. Ka makara wajen tayar da shi, ya zama lu'ulu'u ko akwatin kaya, shi ke nan har abada.

Aibin wasan na gaskiya yana inda ya karya wannan doka da kansa. Tsohon janar Orlandeau yana sara daga nesa ba tare da jira ba, da ya shigo rundunarka sauran yaƙoƙi sun zama wasan yara. Haka mayaƙi mai sana'ar lissafi, da ke zuba tsafi nan take. Sai tarkon gidan sarautar Riovanes, inda ake tambayarka ko za ka adana wasa, sannan a jefa jarumin wasan, Ramza, shi kaɗai gaban abokin gabansa Wiegraf, babu hanyar komawa ƙara ƙarfi. Wannan kam sakaci ne, ba zan kare shi ba.

Labarin ma a kan jiran aka gina shi. Ramza ɗan masu mulki yana afka wa duk zaluncin da ya gani, coci ta ce ya yi ridda, aka shafe sunansa. Delita ɗan talaka, bayan an kashe ƙanwarsa a gabansa, ya haɗiye fushinsa, ya bar manyan masu mulki biyu da ke rikicin sarauta suka raunana juna, ya auri Gimbiya Ovelia ya hau karagar ƙasar Ivalice.