Hannun Malami a Manhajar Labarin Ƙasa

Manhajar labarin ƙasa a makarantun sakandaren Nijeriya sau uku ake rubuta ta. Ta farko ita ce wadda hukumar NERDC, da aka kafa a 1988, take fitarwa. Ta biyu ita ce wadda hukumomin jarrabawa, WAEC da NECO, suke tatsa daga ta farkon su mayar da ita tambayoyi. Ta uku kuwa malami ne yake rubuta ta da alli, mako bayan mako, kuma ita kaɗai ce take isa kunnen ɗalibi. Masu nazarin ilimi sun fi mayar da hankali kan biyun farko, alhali a ta ukun ake sanin ko darasin zai rayu ko zai mutu.

Tarihi ya ƙara wa malamin nauyi. Taron manhaja na ƙasa da aka yi a Legas a 1969 shi ya share fagen Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977, wadda ta haifar da tsarin 6-3-3-4 a 1982. A ƙarƙashinsa aka narkar da labarin ƙasa cikin darasin zamantakewa a ƙaramar sakandare, ya sake fitowa da sunansa a babbar sakandare. Ke nan yaro kan zo aji huɗu na sakandare bai taɓa auna nisa a kan taswira ba, ga shekara uku kacal kafin jarrabawa. Dole malami ya zaɓi inda zai daɗe da inda zai wuce da sauri, kuma wannan zaɓin shi ne aikinsa na farko a kan manhaja.

Na biyu shi ne misali. Takarda za ta ce a koyar da duwatsun da suka tsaya su kaɗai a fili bayan zaizaya ta cinye abin da ke kewaye da su. Malamin Zariya yana da Kufena a bayan gari, na Zamfara yana da Kwatarkwashi. Littafi zai yi bayanin ɗan tsagaitawar ruwa a watan Agusta, abin da yake gaskiya a Legas da Ibadan. A Kano kuwa Agusta ne tsakiyar damina, lokacin da ruwa ya fi sauka. Malamin da ya karanta littafin kamar yadda yake ya koya wa ɗan Kano abin da idonsa yake ƙaryatawa. Wanda ya ɗora jadawalin ruwan biranen biyu gefe da gefe, ya tambayi yara dalilin bambancin, ya riga ya shigar da su batun iskar teku mai laima da busasshiyar iskar hunturu, da yadda iyakarsu take hawa arewa tana sauka kudu.

Haka abin yake a babin kasuwanci da noma. Kasuwar Maigatari tana ci ran Alhamis, ta Wudil ran Juma'a, ta Dambatta ran Lahadi. Ɗan fatake ya san wannan zagayen tun yana ƙarami, aikin malami shi ne ya sa shi ya zana shi, ya gano me ya sa aka raba ranakun. Tun shekarun 1960 Michael Mortimore ya yi nazarin gonakin kewayen Kano, inda ake noma kowace shekara ba hutu saboda takin da jakuna ke ɗaukowa daga birni. Binciken ya yi suna a jami'o'in duniya, amma ɗaliban da gonakin iyayensu ne aka nazarta ba su cika jin labarinsa ba, sai in malaminsu ya kawo.

Na uku shi ne sabuntawa. Manhaja kan yi shekaru ba a taɓa ta ba, ƙasa kuwa ba ta jira. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun sauya yadda ruwa ke isa fadamun Haɗeja da Nguru. Ballewar madatsar Alau a Satumbar 2024 ta shafe unguwanni a Maiduguri. Babin koguna da ambaliya yana nan yadda yake a takarda, malami ne zai haɗa shi da abin da yara suka ji a rediyo.

Sai dai hannun da ke gyara shi ke ɓatawa. Karatun taswira, musamman mai ma'aunin 1:50,000 da layukan tudu da kwari, ginshiƙi ne a jarrabawar WAEC, amma shi ne babin da aka fi ɗagawa zuwa "zango mai zuwa" idan malamin da kansa bai ƙware ba, ko makarantar ba ta da taswira ko guda. Fita fili ma takan faɗi saboda kuɗin mota ko fargabar tsaro. Abin da ke saura shi ne shifta da haddar tambayoyin baya. Wannan ma manhaja ce malami ya tsara, ramammiya dai.

Saboda haka barin kowane malami da dabararsa bai wadatar ba. A Ingila, ƙungiyar malaman labarin ƙasa ta samo asali ne a 1893, lokacin da wasu malamai tare da masanin labarin ƙasa Halford Mackinder suka haɗu don musayar hotunan gilashi da ake haskawa a aji, daga baya ta zama muryar da hukuma ke saurare idan za a sauya manhaja. Malaman ƙaramar hukuma guda za su iya fara irin wannan da abin da ke hannunsu: taswirar garinsu, alƙaluman ruwan sama na tashar da ke kusa, jerin kasuwannin yankin. Idan suka tara, suka gwada a aji, suka rubuta abin da ya yi aiki, za su je taron bitar manhaja na gaba da hujjar da kwamiti ba zai iya ture ta ba.