Zaɓe Shida, Kujera Ɗaya: Mu Buɗe Littafin Wakilinmu na Agege

A kasuwa, in mutum ya shekara ashirin yana karɓar kaya a hannunka, ranar da ka ce a zauna a buɗe littafi ba wanda zai ce ka ci masa mutunci. Lissafi ba faɗa ba ne. Da wannan niyyar muke son mu duba tafiyar Honorabul Mudashiru Obasa, mai wakiltar mazaɓar Agege ta ɗaya a Majalisar Dokokin Jihar Legas, kuma kakakinta.

Ya fara da kansila a ƙaramar hukumar Agege a 1999, a jam'iyyar AD. A 2003 ya shiga majalisar jiha, aka sake zaɓensa a 2007, 2011, 2015, 2019 da 2023. Sunan jam'iyya ya yi ta sauyawa, daga AD zuwa AC, zuwa ACN, zuwa APC, amma gida ɗaya ne kuma kujerar ba ta motsa ba. Tun Yunin 2015 yake kakaki, karo uku a jere. Yaron da aka raɗa wa suna shekarar da ya fara shiga majalisa, yau ya yi ƙuri'a, wani ma har ya aje iyali.

Magoya bayansa suna cewa wannan kaɗai ya isa shaida: da bai yi aiki ba, da ba a yi ta maido shi ba. Suna nuna gadar sama ta Pen Cinema da aka buɗe a Maris 2021, da tashar jirgin Red Line da ta zo mana a 2024. Gaskiya ne, duk wanda ya san yadda ake kwana a cunkoson mahaɗar nan ya san an samu sauƙi, kuma samun kakaki daga Agege bai rasa tasiri ba. Wanda bai gode wa mutane ba, bai gode wa Allah ba. Sai dai gada aikin gwamna ne, Ambode ya fara, Sanwo-Olu ya ƙarasa. Ɗan majalisa aikinsa uku ne: yin doka, sa ido kan kuɗin jama'a, da kai kukan mazaɓarsa zauren Alausa. A nan ya kamata a ɗora shi kan sikeli.

To mu ɗauki dokokin da suka taɓa tukunyarmu kai tsaye.

Ta farko, dokar sufuri ta 2018. Da ita gwamnati ta dogara ta hana okada a ƙananan hukumomi shida daga 1 ga Yuni 2022, ciki har da Ikeja da ke maƙwabtaka da mu, sannan ta ƙara huɗu a Satumba. Agege ba ta cikin jerin, amma yaranmu da ke kwana a nan, can suke neman abinci. Ba mu ce a bar ganganci a kan titi ba. Mun yi jana'izar waɗanda babur ya kashe, mun san zafin abin. Abin tambaya shi ne, wace sana'a aka tanadar wa wanda aka ƙwace babur ɗinsa aka murƙushe, alhali bashi ya ci ya saya?

Ta biyu, dokar hana kiwon sake ta Satumba 2021. Manomi yana da haƙƙi, ba mu musa ba, ɓarnar gona haramun ce ko a wurin wa. Amma abbatuwar Oko-Oba, wadda ke ciyar da Legas da nama, a nan gefenmu take. Mahauta, dillalan shanu, masu lodi, masu sayar da ciyawa, duk mutanenmu ne. Dokar da ta shafi dabba a Legas, Agege ce ta fi cancanta a zauna da ita a warware mata sashe-sashe, da harshen da take ji, kafin a buga guduma. Yau ka tare mahauci goma ka tambaye su abin da dokar ta hana da abin da ta bari, ka ji amsa.

Ta uku ba doka ba ce tukuna, magana ce, amma ta fi sauran nauyi. Ranar da aka rantsar da shi karo na uku a Yunin 2023, ya bayyana cewa Legas ƙasar Yarbawa ce, kuma majalisa za ta yi dokokin kare 'yan asali a harkar filaye da kasuwanci. Ba mu ja da tarihi ba. Mun san masu masaukinmu, muna girmama su, mun yi auratayya da su, sahu ɗaya muke tsayawa a masallaci. Amma kakanninmu sun sauka Agege tun zamanin fataucin goro da zuwan jirgin ƙasa. A cikinmu akwai wanda a nan aka haifi kakansa, Yarbanci ya fi Hausa zama a bakinsa, in ka kai shi Kano sai ya ɓata. Wannan mutumin yana da gida da shago da takarda. Da ya ji wakilinsa na faɗin haka, yana da haƙƙin a zo a ce masa: kai ina matsayinka? Wanda ya karɓi ƙuri'arka bai tambayi asalinka ba ranar zaɓe.

Sai abin da ya faru a 2025, wanda ya nuna mana inda igiyar take. Ranar 13 ga Janairu 2025, yana Amurka, fiye da kashi biyu bisa uku na 'yan majalisa arba'in suka tsige shi bisa zargin rashin ɗa'a da almubazzaranci, suka ɗora Mojisola Meranda, mace ta farko a kujerar. Ya musanta zargin. Dattawan jam'iyya, Bisi Akande da Olusegun Osoba, suka shiga tsakani. Ranar 3 ga Maris ta sauka ya koma, kwana 49 ke nan, daga baya kotu ta ce tsigewar ba ta bi ƙa'ida ba. Mu ba alƙalai ba ne, zato kuma zunubi ne, ba mu ɗora masa abin da ba a tabbatar ba. Amma ku lura: a fitarsa da komawarsa ba a nemi ra'ayin mai ƙuri'a ko ɗaya ba. Kotu ta yi magana kan hanyar da aka bi, zargin kuwa aka naɗe tabarmarsa. Kuɗin jama'a ba rigimar cikin gida ba ce da za a sasanta a falo. In ƙarya aka yi masa, a wanke shi a fili, shi ma ya fi masa daraja.

Wannan ne ya sa muke cewa cin zaɓe shida ba shi ne hisabi ba. A Legas tikitin jam'iyya shi ne rabin nasara, tikitin kuma daga sama yake saukowa. Ragowar rabin, a unguwanni irin namu, dillalan ƙuri'a ne ke haɗa shi. Su je su ce "Hausawa na hannunmu", a ba su shinkafar azumi da atamfa da 'yan kujerun Makka, su dawo su ce an gama magana. Wanda aka saya a sari, ba a zama da shi a yi ciniki ɗai-ɗai.

Mafita tana nan kusa. Majalisar tana shirya taron masu ruwa da tsaki a mazaɓu arba'in, tana kuma zaman jin ra'ayin jama'a kafin ta zartar da manyan dokoki. Ƙungiyar mahauta, 'yan goro, 'yan gwari, 'yan babur da limamai su zauna su rubuta buƙatu a takarda ɗaya: matsayin wanda aka haifa a nan, tsaron shago da fili, sana'ar da za ta maye okada, gurbin yaranmu a makarantu da aikin ƙaramar hukuma. A sa hannu, a ba matasanmu masu boko su miƙa, a riƙe kwafi. Kowa kuma ya duba katinsa, wanda nasa ke can gida ya maido shi nan inda yake kwana yake biyan haraji.

Shekarar 2027 na tafe. Ko shi ne ya dawo neman wani abu, ko wani ya turo, takardar nan za mu shimfiɗa masa kafin a sha ruwa. Ƙuri'a shaida ce, kuma za a tambaye mu a kanta. Allah Ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu. Wassalam.