Tayar da Ake Yi wa Faci da Allura

A shekarar 1995, a garin Duitama na ƙasar Kolombiya, ana dab da kammala gasar tseren keke ta duniya, tayar baya ta Abraham Olano ta sace. Ɗan Sifaniyan bai tsaya ba. Haka ya ci gaba da murza feda da taya a kwance har ya tsallake layi, shi ne na ɗaya, ɗan ƙasarsu Miguel Indurain na biye. Duk wanda ya taɓa tuƙa keke da faci ya san yadda ake ƙarewa: taya ta zame daga gargare, tiyub ya leƙo, mahayi ya sha ƙasa. Abin da ya rufa wa Olano asiri shi ne irin tayar da ke ƙarƙashinsa, wadda ake kira tubula. Faransawa kuwa boyau suke ce mata, wato hanji.

Sunan ya dace da ita. Taya ce da aka sa wa tiyub a ciki, aka haɗa bakinta aka ɗinke ruf, yadda baduku ke ɗinke laya. A kan ɗinkin an manna wani ƙyalle mai tsawo, shi kuma ƙyallen ake liƙa wa gargare da gam. Gargaren ba shi da leɓen da zai riƙe taya. Gam ne da iska ke riƙe da ran mahayi, shi ya sa makanikan ƙungiyoyin tsere ba sa yi wa shafa gam gaggawa. Sai sun ɗora sabuwar taya a busasshen gargare ta kwana ta saki jiki, sannan su shafa gam siriri, su bari ya kwana, su sake shafawa, sau biyu ko uku, a shafi na ƙarshe ne ake ɗora taya gam na ɗanye. Zafin birki a doguwar gangara yana iya tausasa gam. Masu kallon tseren Tour de France ba su manta ranar 14 ga Yuli, 2003 ba, a gangaren garin Gap: rana ta narkar da kwalta, ƙafar baya ta Joseba Beloki ta sulɓe, taya ta fita daga gargare, ya karye a cinya da gwiwar hannu da wuyan hannu.

To, idan irin wannan taya ta yi faci fa? Ƙwararren ɗan tsere ba shi da damuwa, mota na biye da shi, ɗaga hannu kawai zai yi a sauya masa ƙafar keke cikin daƙiƙoƙi. Gwanin da nake yabo shi ne mahayin da ba mota a bayansa, wanda ya fita asubar Lahadi a wani ƙauyen Italiya ko Beljiyam, kwalba ta soke shi kilomita 40 daga gida. Ba zai zaro tiyub ya shafa sholisho kamar yadda mai facin bakin titi ke yi ba, don tiyub ɗin na cikin ɗinki.

Abu na farko da zai ɗauko ’yar kwalba ce ta ruwan toshe huda. Fari ne kamar madara, ƙaron roba ne da aka zuba wa ’yan ƙwayoyi ƙanana. Iskar da ke gudu ta huda ita ke jan ruwan zuwa wurin, ƙwayoyin su cunkushe, ƙaron ya daskare a kansu, kamar yadda jini ke tsayawa a bakin rauni. Faɗa ta fi yi sauƙi. Sai ya fara nemo abin da ya soki tayar ya cire, in ba haka ba aikin banza ne. Ya kwance ɗan ƙarfen da ke cikin bawul, ya matsa mililita 20 zuwa 30, ya mayar, ya juya ƙafar keken ruwan ya zagaye, sannan ya tsayar da ita hudar na ƙasa inda ruwan zai taru. Daga nan sai haƙuri. Tayar tsere takan ɗauki iska ma’aunin bar 7 ko 8, kuma wanda ya buga mata wannan iskar nan take zai ga toshin ya yi tsalle ya fita, ruwa na fesa masa a ƙafa. Gwani rabi yake bugawa, ya jira ’yan mintuna, ya kasa kunne, ya hau a hankali, sai ya yi nisa ya ƙara. Famfon hannu yake amfani da shi, don ’yar tukunyar iskar gas da ake cika taya da ita a take tana da sanyin da kan sa ruwan ya dunƙule kafin ya yi aiki.

Mahaya sun daɗe suna musu a kan lokacin zubawa. Wasu na cewa a zuba tun taya na sabuwa, ƙaya ta soka ta toshe ba ka ma sani ba. Ni ina tare da masu cewa a riƙe kwalbar a aljihu sai ranar ta zo. Dalili kuwa, abin da ya shiga tubula ya shiga ke nan. Tayar da ba ta da tiyub ana buɗe ta a goge tsohon ruwa, wannan kuwa a ɗinke take. Cikin ’yan watanni ruwan ya bushe ya bar curi. Ga shi tubula masu tsada tiyub ɗinsu na ɗanyar roba ne, mai sakin iska cikin dare ɗaya. A bar keke a jingine har taya ta kwanta, sai ruwan ya manne bangon tiyub da juna, ranar da aka buga iska ya yage. Wanda ya zuba dole ya riƙa leƙa tayarsa yana ƙara mata iska ko ba zai hau ba. Kuma ruwan na da iyaka: hudar ƙaya ko tsinin waya zai toshe, yanka mai faɗi ko tsagewar gefe sun fi ƙarfinsa.

Nan safaya ke shigowa, tsohuwar taya mai guntun gam a jikinta, a naɗe a ƙarƙashin sirdi. A tsofaffin hotunan Tour de France za ka ga mahaya sun rataya tasu a kafaɗa sun gicciya ta a baya. Mahayinmu sai ya ɓanɓare tayar da ta yi faci da manyan yatsu daga ɓangaren da ke fuskantar bawul, ya ɗora safaya, ya daidaita, ya buga iska sosai, ya nufi gida yana shan kwana kamar mai ɗauke da ƙwai.

A gida ake ganin asalin gwaninta. Gano hudar ma aiki ne, don iska na bi tsakanin tiyub da jikin taya ta ɓullo a gindin bawul, ta yaudari mai nema. Sai ya bi tayar a ruwa gaɓa-gaɓa, yana matse ta har ya ritsa wurin. Ya ɗaga ƙyallen kamar tsawon taƙi, kafin ya taɓa zare kuma ya ja layuka da biro a gicciye kan ɗinkin, domin baki biyun su koma daidai inda suke. Ya yanke zaren a hankali, ya jawo tiyub, ya sa faci siriri, ya laluba cikin tayar ko tsinin na nan, ya barbaɗa hoda, ya mayar. Kamfanin Velox na Faransa ya daɗe yana sayar da ɗan gwangwanin wannan aiki, da allura da zare da hular yatsa a ciki. Wasu da zaren sakace suke yi. Ƙa’idar ɗaya ce: allura ta bi tsofaffin ramuka, kada ta buɗe sabbi, kada a ja zare har baki ya tattare, in ba haka ba taya ta karkace tana rawa a kan hanya. Duk wannan ana yi ne tsinin allura na wucewa dab da tiyub ɗin da aka gama gyarawa. Suka ɗaya, aikin sa’a guda ya koma farko. Ƙarshe ya mayar da ƙyallen da ruwan ƙaro, kuma nan ne ba a ha’inci, don idan ƙyallen ya saki, taya za ta tafi ta bar shi manne da gargare.

Masu wannan hannu suna raguwa. A 2021 Sonny Colbrelli ya ci tseren Paris-Roubaix, mai hanyoyin duwatsu, a kan tayar da ba tiyub, kuma tun daga lokacin yawancin manyan ƙungiyoyin tseren kwalta sun ajiye gam. Mai son ganin aikin da idonsa sai ya nufi tseren laka na lokacin sanyi a Beljiyam da Holan, ko filayen tsere na katako. A can har yanzu ana shafa gam.