Dandali a Cikin Katanga: Sharhi a kan Gidan Wasan Tubali na Samaru

A 'yan shekarun nan an yawaita maganar farfaɗo da wasannin gargajiya ta hanyar gina musu mazauni a cikin manyan harabobin zamani, watau irin waɗanda ke haɗa kantuna da ofisoshi da wuraren cin abinci a ƙarƙashin rufi ɗaya. A Legas, babban gidan wasan Iganmu, wanda aka gina domin bikin FESTAC na 1977, an miƙa shi ga bankuna a 2020 domin su gyara, da niyyar kewaye shi da cibiyoyin fim da kiɗa da ɗinki. A Kano kuwa, da aka buɗe rukunin kantunan Ado Bayero a 2014, silima ce ta sami rabon nishaɗi. Kafin wani ya ce a sa dandalin Bahaushe a irin wannan wuri, ya kamata a waiwayi gwajin da aka taɓa yi da gaske, watau gidan wasan Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, Zariya.

An gina shi ne a tsakiyar shekarun 1970, bisa zanen wani Ba'amurke mai suna Steven Ehrlich, tare da shawarar Michael Etherton na sashen koyar da wasan kwaikwayo. Da tubali da yaɓe aka yi shi, an kwaikwayi fasalin gidan Bahaushe: katanga ta kewaye, ga ɗakuna masu jinka, ga fili a tsakiya babu rufi. Abin yabo a nan shi ne an ƙi tsarin Turawa na ɗaga 'yan wasa a kan dakali a sa masu kallo cikin duhu. Ana iya yin wasa a tsakiya a zauna a gefe, ana kuma iya juya lamarin. Wanda ya zana ginin ya gane cewa Bahaushe da'ira yake yi in zai yi kallo, kuma ba ya kallo bakinsa a rufe.

To, amma gida aka kwaikwaya, ba dandali ba, kuma a nan gizo ke saƙar. A gari kamar Zakka, cikin ƙasar Safana, dandali ba gini ba ne. Fili ne da hantsi ake shanya a cikinsa, da la'asar mai ƙosai ta kafa kasko, in farin wata ya fito 'yanmata su yi gaɗa, samari su yi langa. Ba shi da ƙofa, balle mai tsaron ƙofa. Hasali ma yawancin wasannin da manazarta ke kira wasan kwaikwayon gargajiya ba su da mazauni ɗaya. Tashe, daga goma ga watan azumi, gida-gida yake bi. 'Yan kama a cikin kasuwa da wuraren biki suke kwaikwayon malamai. Kalankuwa sai an kawar da amfanin gona, wasan gauta kuwa na matan fada ne. Ashe ke nan abin da ake kira sabon tsari, na cuɗa ciniki da wasa, shi ne tsohon halin dandali. Katangar Samaru ta raba su, ta kuma ƙara da shingen jami'a, wanda manomin Bomo ba ya ƙetarewa don kallo kawai.

Malaman sashen da kansu sun ga haka. Shi ya sa suka ɗauki ɗalibansu suka fita, aka yi Wasan Manoma a Soba a 1977, aka je Maska a 1979, daga baya Bomo. Ginin ya zama wurin koyo da gwaji, kuma ya yi wannan aiki sosai, amma wasan da ya taɓa talaka a waje aka yi shi.

Idan jami'a, wadda ba riba take nema ba, ta gamu da wannan cikas, ina ga rukunin kantuna inda kowane taku yake da kuɗin haya? A can tikiti ne zai riƙe wurin, kuma tikiti ana biyansa ne a asirce, kafin a ga wasa. Makaɗin Bahaushe kuwa da kari yake rayuwa, watau kyautar da ake yi masa a bainar jama'a, maroƙi ya ɗaga ta ya ambaci mai ita, wani ya ji haushi ya ninka. Wannan gasa ɓangare ce ta wasan kansa. In an cire ta, an bar ɗan kama yana yi wa kujeru ba'a. Sa'an nan ginin ƙasa yana son yaɓe bayan damina, mai kanti kuwa siminti ya sani, ƙarshenta a yi bulo a shafa masa jan fenti a ce an yi gargajiya.

Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi. Dandalin yammacin Katsina ba rashin gini ya raunana shi ba. Hare-haren 'yan bindiga daga dajin Rugu, waɗanda suka tsananta daga 2019, sun sa dare ya zama abin tsoro a ƙasashen Safana da Batsari, har a 2021 aka katse layukan waya a yankin. Yarinyar da ta tashi a waɗannan shekaru ana kulle gida da magariba ba ta koyi gaɗa ba, kuma ita ce ake sa ran za ta hau sabon dandalin birni in an gama shi.