Lambar 925 a Bayan Munduwar Kaka

A Kurni, kamar sauran garuruwan ƙasar Matamaye, tsohuwar munduwar azurfa ba ta ɗauke da sunan kowa. Maƙerin fari ya narka, ya zuba, ya yi zane, ya miƙa wa mai ita. Shaidarsa bakin mutane ne: tsofaffi su duba su ce wannan hannun gidan su wane ne. Masu saye na yanzu kuwa juya abu suke yi suna neman hatimi, in sun ga 925, wato azurfa kashi 925 cikin 1000, hankalinsu ya kwanta.

Al'adar buga hatimin daga Turai ta zo, kuma can tana da tushe. A Ingila, dokar Sarki Edward na Ɗaya ta 1300 ta ce a gwada azurfa a buga mata kan damisa. A 1363 aka wajabta wa kowane maƙeri tambarinsa, a 1478 aka ƙara harafin da ke nuna shekara. Faransa tun 1838 take buga kan Minerve. Shi ya sa mai tsohon cokali a Landan zai iya gano wanda ya ƙera shi, da garin da aka gwada shi, da shekarar. Bayan kowace alama akwai ma'aikatar gwaji da hukuncin mai algus. Ƙarfen buga 925 kuwa, duk mai kuɗinsa zai saya.

Abin da dillalai ba sa faɗa shi ne, azurfar kakanni sau da yawa ba ta kai 925 ba tun asali. Maƙeran ƙasar Hausa na dā kuɗi suke narkawa, musamman liyari mai hoton Mariya Tereza, sarauniyar Ostiriya, wanda nauyinsa ya kai giram 28, azurfarsa kashi 833 cikin 1000. Dalar Faransa ta azurfa 900 ce. To munduwar da aka ce ta zamanin sarakunan Damagaram na dā ce, amma ga 925 ɗaram a bayanta, ita ce ya kamata a yi wa kallon tuhuma, ba wadda ba ta da komai ba.

Shi kansa liyarin yana ruɗi. An yi ta buga shi a Viyana, Landan, Paris, Rum da Bombay har cikin ƙarni na 20, kowanne da shekarar 1780, shekarar da sarauniyar ta rasu.

Sabon yayin da ya cancanci yabo na maƙeran Agadas ne, da yawansu suna rubuta sunansu da haruffan Tifinagh a bayan abin wuya. Wannan bai tabbatar da kyawun azurfa ba, amma ya nuna wanda za a koma wa in an ga ha'inci. Maƙerin Kurni ma zai iya yin haka da ajami ko boko, ya sa sunansa da garinsa da shekara, ba tare da ya sayi wani sabon kayan aiki ba.